Ciyawar Ramin Burji

Ibram ya ajiye katakon awo a kan ciyawa, ya durƙusa, ya fara ƙirga. Katakon mai kusurwa huɗu ne, metir ɗaya ta kowane gefe. Duk abin da ya faɗa cikinsa sai an rubuta sunansa da tsawonsa, sannan a yanke a ɗora a sikeli. Ga ƙarangiya, ga gude-gude, ga ɓurɓurwa ta fara bushewa, har da wani tushen gamba da ya kai masa gwiwa. Ya shafa kan gambar da bayan hannu, ya yi murmushi shi kaɗai.

Wanda bai san wurin ba, ba zai yarda ramin burji ba ne. A nan kamfanin hanya ya yi ta haƙar jar tsakuwa yana zubawa a kan hanyar mota, har ya ƙwaƙule makiyayar mutanen Aisamiri ya bar musu kwazazzabo. Da kamfanin ya tashi, sai ma'aikatar gandun daji ta Gure ta karɓi wurin da taimakon wasu Nasara. Aka mayar da ƙasar sama, aka watsa irin ciyawa, aka dasa itatuwan dakwara masu ƙaro, aka kewaye da waya. Ibram aka ba aikin, yana sabon fitowa daga lakwal, makarantar boko. Shi ya tsaya a gaban bulama da dattawan gari ya faɗi sharaɗi: damina uku kada kofato ya taka wurin. In aka yi awo na uku, a cire waya, makiyaya ta koma hannun masu ita.

Yau ne awo na uku. Kakar 1973 ce, shekara ta biyu da sama ta riƙe ruwanta. Bayan waya ko tsinke babu, sai rairayi da tumfafiya, ƙasa fayau har iyakar ganin ido. Amma ramin kwari ne, ɗan ruwan da aka samu duk nan ya gangaro ya kwanta. Ciyawa ta tashi a ciki abin sha'awa, kamar ba ƙasa ɗaya ba.

"Wushe, Mushe Ibram. Ya ta yi?"

Umara ne ke gaishe shi da yarensu, ya haɗa da laƙabin da ake kiran ma'aikata da shi. Yana tsaye a bayan waya, ya rataya hannuwa a kan sandar da ya gitta a kafaɗa. Shi ne makiyayin da ya ɗauki tsaron wurin tun farko, ba don an ɗauke shi aiki ba, sai don a nan uban kakansa ya yi kiwo. Tun ƙarshen damina abokansa suka kora abin da ya rage musu suka yi kudu, wajen kogin Komadugu. Shi ya ƙi tafiya. Shanunsa sun yi rauni da yawa, ga kuma alkawari ya kusa cika.

"Ta yi, Ba Umara. Ta fi bara nesa ba kusa ba," in ji Ibram. "Yau na gama awo, jibi Nasara su zo su gani da idonsu. Daga nan sai mu naɗe waya."

"Jibi," in ji Umara, kamar mai ɗanɗana kalmar. "To, Allah ya kai mu. Jiya da ƙyar muka ta da jar saniyar nan, ni da yayata, Ya Habsatu, da itace muka ɗaga ta. Amma za ta kai jibi."

Ibram ya san abin da wannan ciyawa ta ci. A bazarar da ta wuce, lokacin da mushe ya cika hanyar rijiya har ungulu suka ƙoshi, mutanen gari sun zo masa a kan ya buɗe musu ko da gefe ɗaya. Ya hau mobilet, ɗan babur ɗinsa, ya je Gure ya roƙi shef ɗinsa, shugaban ma'aikatarsu. Shef ya ce a yi haƙuri, in aka buɗe yanzu aikin ya rushe, Nasara su janye, wurin ya koma hannun gwamnati. Ibram ya dawo ya tsaya a ƙofar masallaci, ya rantse musu da Allah cewa in suka daure zuwa kaka, makiyayar tasu ce har jikokinsu. Suka daure. Garken Umara ya narke a gaban idonsa, yana kallon ciyawa ta cikin waya.

Yana cikin yanke abin da ke cikin katako sai ya ji rugugin babbar mota. Ya ɗauka masu wucewa gabas ne. Amma motar ta sauko daga kan hanya, ta biyo tsohuwar turbar kamfani, tana jan doguwar tirela. A kan tirelar akwai katafila, rawaya, an ɗaure ta da sarƙoƙi. Ta zo daf da waya ta tsaya.

Wani mutum mai ƙiba ya diro, yana goge wuya da tsumma. Ya yi sallama da fara'a, ya ce sunansa Tanimu, shi ke tuƙa katafilar kamfani.

"Kun yi ɓatan kai ne?" in ji Ibram. "Wannan wurin gandun daji ne."

"A'a, Mushe, ai na san wurin. Ni na haƙe shi da farko." Tanimu ya leƙa ta saman waya, ya girgiza kai. "Kai, amma kun yi aiki! Wallahi har ban so ba. To, ya za a yi? Hanya ta zaizaye wajen tuddai, kuma duk yankin nan babu burji mai kyau sai na ƙasan nan. An ce in ajiye ta can bayan dutse kada baƙi su gan ta. In sun tafi, sai mu shiga."

"Ku shiga ina?"

Tanimu ya dube shi, ya dubi kakin da ke jikinsa. Fara'arsa ta ɗan ragu.

"Ba kai ne na gandun daji ba? Ai shef ɗinku ne ya ba da wurin. Dogo, mai furfura a gefen kai, mai farin gilashi. Da kansa ya zo da injiniyanmu, ina wurin, ni na kawo su. Har ya nuna mana ta inda za mu fara."

"Yaushe?"

"An jima fa. Tun sanyin bara bai gama fita ba. Shi ya roƙi a jinkirta mana zuwa kaka, wai akwai baƙin da za su zo."

Tun kafin bazara ke nan. Ibram ya waiwaya. Umara ya yi nisa, yana bin wayar yana duba inda ta saki, bai ji komai ba. Ibram ya bar katako da sikeli a inda suke, ya ta da mobilet, ya hau hanya.

Rana ta take lokacin da ya shiga Gure. A bakin gari, bayan kasuwa, mutanen daji da fari ya koro sun kafa 'yan bukkoki na tabarma da tsumma, suna jiran rabon jar dawar taimako. Mata sun yi layi da ƙwarya a ƙofar sito. Wani tsoho na jan fatun shanu a ƙasa yana neman mai saye, babu mai ko ɗaga kai. Ibram ya ratsa su bai tsaya ba, ya wuce biron sufurefe mai mulkin yankin, ya jingine mobilet a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar ma'aikatarsu.

Shef Garbai na zaune a bayan tebur, yana zuba shayi daga buta zuwa ɗan kofi. Ba shef kawai ba ne a wurin Ibram. Ƙanin mahaifiyarsa ne. A gidansa Ibram ya zauna duk shekarun lakwal bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya koya masa sunayen itatuwa, shi ya yi masa hanyar wannan aiki.

"Har ka gama?" in ji Garbai. "Zauna, ka zo a kan gaɓa, shayin zagaye na biyu ne."

Ibram bai zauna ba.

"Kawu, na ga katafila a ramin burji."

Hannun Garbai ya tsaya a sama. Ya ajiye butar a hankali, ya cire gilashi, ya murza ido.

"Sakarkaru. Na ce musu sai bayan jibi."

Ibram ya zo da fatan a ce masa ƙarya ne, ko kuskure, ko wani rami daban ake nufi. Duk tsawon hanya abin da yake ta shirya wa kansa ke nan. Ya dafa bayan kujera.

"Ashe gaskiya ne."

"Rufe ƙofa."

Ya rufe.

"Saurara, Ibram. Umarni daga Yamai ya zo, ya biyo ta Damagaram. Hanya ta gwamnati ce, ta nan ake kai hatsin taimako gabas. Ka ga mutanen da ke bayan kasuwa? Akwai dubunsu a can gaba. In hanya ta yanke, wa zai kai musu? Wane ne ni da zan ce a'a?"

"Ban ce ka ce a'a ba. Na ce me ya hana ka gaya mini?"

"In gaya maka, ka gaya musu."

"Ƙwarai kuwa."

"To, ka gani." Garbai ya buɗe hannuwa. "Da ka gaya musu, da a ranar sun tsinke waya. Kafin sati sun share wurin ƙal. Nasara su zo su ga me? Rairayi? Mutanen nan sun ce in wannan ya yi kyau za su ba mu wasu wurare, a Bune, a Gidigir, har Alakos. Rijiyoyi, gandun dakwara, motar aiki. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Awon nan na uku shi suke jira."

"A bazara na zo nan," in ji Ibram. "A kan wannan kujera na zauna. Na ce maka shanu na mutuwa. Ka ce in je in gaya musu su daure, wurin zai zama nasu. Ka riga ka ba da shi a lokacin, Kawu."

"Na sani."

"Na rantse musu da Allah a ƙofar masallaci."

"Ni ban ce ka rantse ba."

Garbai kansa ya kau da ido, ya ɗauki kofin shayi ya mayar bai sha ba. Daga waje ana jin hayaniyar masu rabon dawa.

"Da wani na aika, da ba su yarda ba," in ji shi can, murya ƙasa-ƙasa. "Kai suke yarda da kai, don ba ka iya ƙarya ba. Shi ya sa na bar ka ba ka sani ba. Na ɗauke maka nauyin, ni na kwana da shi. Kana tsammani daɗi na ji?"

"Umara bai yi kudu ba saboda maganata. Shanunsa yanzu ko rabin hanya ba za su kai ba."

"Shanun Umara nawa ne a cikin waɗanda suka mutu a ƙasar nan? Ciyawar rami ɗaya ba ta tsare fari, ɗana. Ko an buɗe, da sun cinye ta sun mutu daga baya."

"Da sun mutu da ciyawarsu a ciki."

Garbai ya mayar da gilashinsa. Da ya sake magana, muryar shef ce, ba ta kawu ba.

"Ka koma ka ƙarasa awo. Ka ce wa direban nan ya ɓoye abarsa bayan dutse. Jibi ka sa kaki mai tsabta, ka tsaya ka yi wa baƙi bayani, su ɗauki hotonsu. Bayan sun tafi, ni da kaina zan je in yi wa bulama magana, in nema musu buhunan dusa. Na kuma sa sunanka cikin waɗanda za a tura ƙarin karatu. Kada ka zubar da wannan saboda zafin rana ɗaya. Uwarka na da kai kaɗai."

Ibram ya dubi mutumin da ya goya shi a kan doki ya kai shi lakwal ranar farko. Fuskar ita ce dai, furfurar ita ce. Ya buɗe ƙofa.

"Ibram! Ka ji abin da na ce?"

"Na ji, Shef."

Bai bi ta gida ba. Ya tsaya a masallacin bakin tasha ya yi azahar, ya daɗe zaune bayan sallama, mutane na fita suna tsallake shi. Sannan ya bi ta rumfar wani makanikin mobilet ya ari filaya, ya sa a aljihu.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa Aisamiri. Ya sami Umara a bayan gari, gindin wata bishiyar kandili, shi da yayarsa Habsatu. Ita ce gwauruwar da ta shekara biyu tana jigilar ruwa a jaki tana ba 'ya'yan dakwaran da aka dasa a ramin, don an ce mata in sun girma matan gari ne za su riƙa ɗiban ƙaro. Suna ɓarza ƙwallon goriba suna zuba wa shanu a akushi. Shanun tsiraru ne, ba su cika a kira su garke ba, haƙarƙari duk a waje.

Ibram ya yi sallama, ya tsuguna a gabansu. Bai yi kwana-kwana ba. Ya gaya musu katafilar da suka gani ta mene ne, da abin da za a yi bayan baƙi sun tafi, da wanda ya ba da wurin.

Habsatu ta saki dutsen da ke hannunta. Umara bai motsa ba.

"Tun yaushe shi ya sani?" in ji Umara.

"Tun kafin bazara."

"Kai fa?"

"Yau, Ba Umara. Wallahi yau."

"Bar wallahi," in ji Habsatu. "Mun ji irinta."

Ibram ya sunkuyar da kai. Umara ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da ake yi wa dabba a kasuwa ana neman inda aibinta yake.

"Kawunka ne," ya ce. "Gidansa ka tashi. Kwano ɗaya kuke ci."

"Haka ne."

"To, Allah shi ne masani."

Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ibram ya gane ba zai taɓa sanin wanne ne ba, kuma ba shi da bakin tambaya. Ya miƙe ya fito da filayar.

"Ku koro su. Ku aika gari, duk mai sauran dabba ya kawo."

"Baƙin naku fa?" in ji Habsatu.

"Su zo su ga abin da suka tarar."

"Za su kore ka daga aiki."

"Na sani, Ya Habsatu."

Habsatu ta ɗauki akushin ta kife, ta tafi wajen jar saniyar da ke kwance, ita da Umara suka zura mata itace a ƙarƙashin ciki suka ɗaga. Ibram ya matso zai kama, Umara ya ce, "Bari, mun saba."

Ya riga su zuwa ramin. Tanimu na zaune a inuwar tirela yana cin rogo da ƙuli. Da ya ga Ibram ya kama waya da filaya, sai ya miƙe tsaye.

"Mushe, lafiya? An ce fa sai baƙi sun gani."

"An ce."

Tanimu ya dubi filayar, ya dubi 'yan shanun da ke tafowa daga nesa suna tangaɗi. Ya koma ya zauna, ya juya baya.

"Ni dai tuƙi aka ɗauke ni," ya ce. "Ban ga komai ba."

Wayar ta yi tauri, sai da tafin hannun Ibram ya fashe kafin ya gama da layi na ƙasa. Ya janye ta gefe, ya tumɓuke turaku biyu, ya buɗe hanya mai faɗin da mota za ta shiga. Iskar yamma ta kaɗo ƙamshin busasshiyar ciyawa.

Shanun suka iso. Suka zo daidai inda wayar take a da, suka tsaya cak.

Umara ya yi musu kira irin na makiyaya, ya taɓa ta gaban da sanda. Ta miƙa wuya, ta shaƙi iska, miyau na zuba daga bakinta, sannan ta ja da baya ta kau da kai kamar mai jiran duka. Sauran suka taru a bayanta suna rawar ƙafa. Babu wadda ta tsallaka.

Ibram ya ɗauki wani reshe ya zagaya bayansu.

"Kada ka taɓa su," in ji Habsatu. "Damina uku muna dukansu a kan wurin nan. Duk wadda ta miƙa baki sai ta sha sanda, har 'yan maruƙa. Da hannunmu muka koya musu. Yanzu kuma a dake su don sun ji magana?"

Ya yar da reshen. Daga wajen gari an fara hango mutane suna tafowa, wani da akuya biyu, wata da jaki, suna sauri kamar masu tsoron a sake rufewa. Rana ta yi ƙasa. Umara ya tsaya a gefen shanunsa, yana shafa wuyan jar saniyar yana yi mata magana a hankali, bai ko dubi inda Ibram yake ba.

Ibram ya shiga cikin ramin. Ya sunkuya ya fara tuge ciyawa da hannu biyu, ƙarangiya na manne masa a wando da yatsu, har ya cika runguma. Ya fito da ita ya zube a gaban jar saniyar, a wannan gefen na rairayi. Ta shinshina, ta daɗe, sannan ta naɗe da harshe ta fara taunawa.

"Na gaba ka ajiye shi ciki kaɗan," in ji Umara, idonsa a kan saniyar. "Taku ɗaya. Kada ka yi nisa da shi."

Ibram ya koma ya ɗebo.